Bututun Da Ba Na Fatan Gani A Hoton Ciki

Aikina ɗaukar hoton ciki ne, wato sikanin, kuma a nan Kebbi nake yinsa. Idan aka turo mini mai ciwon kwiɓi ko mai matsalar fitsari, ƙoda nake fara nema, in auna tsawonta, in duba kaurin namanta. Daga nan sai mafitsara. Shi ya sa muke matsa wa mutane su sha ruwa su riƙe fitsari kafin su hau gado, don sai ta cika take fitowa da kyau. Amma akwai abin da ke tsakaninsu, bututu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, masu sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Waɗannan in suna lafiya ba a ganinsu a na'urarmu, sai dai ɗan guntun farkonsu da ɗan guntun ƙarshensu. Sirara ne ƙwarai, ga hanji da iskar cikinsa sun sha gabansu. Duk ranar da bututun ya fito mini sarai, baƙi, mai faɗi, har ina iya bin sa da ido, to gabana faɗuwa yake yi, domin ya kumbura ke nan, wani abu ya tare masa hanya.

Likitoci na kiransa yureta. Kowa ya san ƙoda, balle yanzu da ake yawan nema wa masu wankin ƙoda taimako a masallatai da Facebook. Kowa ya san mafitsara. Shi kuwa wannan, in na ce wa mutum bututun ƙodarsa ya toshe, sai ya zaci hanyar da fitsari ke fita waje nake nufi, wadda ake zura wa roba in fitsari ya ƙi fita. Waccan guda ɗaya ce, kuma ƙasa da mafitsara take. Waɗannan biyu ne, sama da mafitsara suke, robar fitsari ba ta isa gare su. A cikin mutanen bakin gulbi da ake turo mini, ƙodoji da dama ba daga cikinsu lalacewar ta fara ba, daga bututun ta faro.

Wanda yake son ganinsa da idonsa, ya tsaya kusa da mai fiɗa ranar Layya. In an fitar da tumbi da hanji, ƙodojin ragon na nan ta wajen baya, lulluɓe da kitse. A ɗaga kitsen a hankali daga inda ƙodar ta lotsa, za a ga wata farar jijiya siririya ta nufi ƙasa wajen mafitsara. Shi ne. Yawanci wuƙa ke wucewa da shi ba wanda ya kula.

A jikin babban mutum tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 kacal. Yana farawa daga wani ɗan mazurari a tsakiyar ƙoda, inda fitsarin da aka tace yake taruwa. Ba a cikin jakar da ta ƙunshi hanji yake ba, a bayanta yake, kwance a kan doguwar tsokar nan da ke gefen ƙashin baya, wadda ke ɗaga cinya in mutum zai taka. Haka zai sauko har bakin ƙashin ƙugu, ya haye bisa manyan jijiyoyin jinin da ke tafiya ƙafa, ya bi bangon ƙugu ta ciki, sannan ya karkato gaba ya shiga mafitsara ta bayanta. Na dama yana wucewa kusa da afendis, abin da ya sa ciwonsu kan rikita mutane, wani lokaci har ma'aikatan lafiya. Akwai kuma waɗanda aka haifa da bututu biyu a gefe guda, kusan mutum ɗaya cikin ɗari, kuma yawancinsu suna rayuwarsu har tsufa ba su sani ba.

Bangonsa hawa uku ne. Na ciki wata fata ce mai miƙewa wadda fitsari ba ya ratsa ta. Na tsakiya tsoka ce. Na waje kuwa riga ce da ƙananan jijiyoyin jini ke bi suna ciyar da shi, kuma likitocin tiyata suna matuƙar kiyaye wannan rigar, domin in aka saɓule ta, ko da ba a yanke bututun ba, wurin na iya mutuwa ya huje bayan 'yan kwanaki.

Tsokar nan ce ta fi burge ni. Mutane sun ɗauka fitsari gangarowa kawai yake yi saboda ƙoda na sama mafitsara na ƙasa. Da haka ne, da majinyacin da ya yi wata da watanni kwance ya shiga uku. Tatso shi ake yi. Wanda ya taɓa tsayawa a ruga ya ga ana tatsar saniya ya san yadda hannu ke matse hantsa daga sama ya biyo da nonon ƙasa, ya saki, ya sake komawa sama. Haka bututun ke yi wa kansa. Wasu ƙwayoyin halitta a can cikin ƙoda ne ke tayar da motsin, matsewar ta taso daga sama ta turo ɗan fitsarin da ke gabanta har mafitsara, sau 1 zuwa 5 a minti ɗaya gwargwadon ruwan da mutum ya sha, dare da rana, ko yana barci ko yana sujada. Ƙodoji na tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kwana ɗaya, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ya rage lita 1 zuwa 2 ne, kuma kowane ɗigo ta nan yake bi. In na kunna launi a na'ura na sa ido a kan cikakkiyar mafitsara, sai in ga fitsarin ya feso daga kusurwar dama, can an jima ya feso daga ta hagu. Na gan shi ba adadi, amma har yanzu in na gani sai na yi tasbihi a zuciyata. Kuma yana da amfani a aiki: in gefe ɗaya na fesowa ɗayan shiru na tsawon lokaci, na san inda zan sa likita ya duba.

Shigarsa mafitsara ma ba kai tsaye ba ce. A karkace yake ratsa bangonta, ya yi tafiyar santimita 1.5 zuwa 2 a cikin naman kafin ya buɗe baki. Saboda haka in mafitsara ta cika, ko mutum ya yi yunƙurin fitsari, bangon da kansa ke danne wannan guntun ya rufe shi, fitsari ba ya komawa sama. Jalinus, likitan nan Bagirke na ƙarni na 2 Miladiyya wanda malaman likitancin Musulmi suka yi ta nazarin littattafansa, ya gwada wannan a jikin dabba. Ya ɗaure bututun biyu, sai mafitsara ta zauna babu komai, su kuwa suka kumbura. Ya kwance, ta cika. Sannan ya toshe mafita ya matsa mafitsarar, fitsarin ya ƙi komawa baya. Wasu yara ana haihuwarsu da guntun nan gajere, sai fitsari ya riƙa hawa yana kai ƙwayoyin cuta ƙoda. Irin yaran nan ne ake ta yi wa maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot, zazzaɓi ya tafi ya dawo, ba wanda ya ce a gwada fitsari. Uwar da ɗanta ke yawan zazzaɓi ana gwada jini ba a ganin komai, ta roƙi a duba fitsarinsa.

Wuri uku ne bututun ya fi ƙunci: inda ya rabu da ƙoda, inda ya haye jijiyoyin ƙugu, da inda ya ratsa mafitsara, wanda ya fi duka matsi. A nan tsakuwa ke maƙalewa. Tsakuwar na iya shekaru a cikin ƙoda mai ita bai sani ba. Ranar da ta faɗo cikin bututu ne ake shigo da mutum yana murƙususu, yana gumi, yana amai, ya kwanta ya tashi ya durƙusa, babu zaman da ke yi masa daɗi. Wannan rashin natsuwar ma alama ce, domin wanda hanjinsa ya fashe lamo yake yi, ba ya son ko a taɓa gadon. Ciwon na farawa daga kwiɓi ta baya, ya zagayo mara, ya sauka matsematsi, har cikin maraina ga namiji ko gaba ga mace, saboda jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga bututun wuri ɗaya suke shiga lakka da na waɗannan sassan. In tsakuwar ta kusa mafitsara sai mutum ya riƙa jin fitsari kowane lokaci, ya je ya tsuguna ɗan kaɗan ya fito.

Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta, da shan ruwa da maganin ciwo da haƙuri. Wadda ta haura milimita 10 da wuya ta fita sai an shiga. Yanzu ana iya bi ta hanyar fitsari da siririn madubi a farfasa ta ba tare da an tsaga ciki ba. Abu biyu nake so a riƙe. Ciwon kwiɓi da ya haɗu da zazzaɓi da rawar sanyi ba na kemis ba ne, ba na jira zuwa safiya ba ne: fitsari ne mai ƙwayoyin cuta ya taru bayan toshiya, kuma yana iya shiga jini ya yi kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyu, lafawar ciwo ba ita ce fitar tsakuwa ba. Ƙodar da aka toshe gaba ɗaya takan rage aiki, ciwon ya kwanta, mutum ya koma gona yana godiya, ita kuwa tana can tana lalacewa, kuma bayan 'yan makonni abin da ya tafi ba ya dawowa duka. In ba ka ga tsakuwar ta fito da idonka ba, ka koma a sake hoto.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, masu irin wannan ciwon ke ƙaruwa a wurina: 'yan kabu-kabu, masu noman rani, leburori, direbobi. Gumi ya kwashe ruwan, fitsari ya yi kauri, gishirin cikinsa ya dunƙule. Wanda ya taɓa yin tsakuwa ana so fitsarinsa ya kai lita 2 zuwa 2.5 a kwana, kuma ba sai ya auna ba, ya dai duba launi: in ya yi ja-ja ruwan bai isa ba. In azumi ya faɗo cikin bazara, a rarraba shan ruwan daga buɗa-baki zuwa sahur, kada a tara shi duka ga asuba.

Mata na da nasu kason daban. Mai juna biyu bututunta kan buɗe, musamman na dama, saboda sinadaran ciki na sassauta tsokarsa, mahaifa kuma na danne shi. Wannan ba cuta ba ce, yana komawa bayan haihuwa, sai dai yana sa ciwon sanyin fitsari saurin hawa ƙoda, shi ya sa ake gwada fitsari a awon ciki. Abin da ya fi nauyi shi ne kusancinsa da mahaifa. Kimanin santimita 2 ne tsakaninsa da bakin mahaifa, kuma jijiyar da ke kai wa mahaifa jini ta bisa kansa take wucewa. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda a gida, aka kawo ta mahaifa ta tsage, jini na zuba, likita na ƙoƙarin ɗaure jijiya ya ceci ranta, a irin wannan halin ne zare kan haɗa da bututun. Ba na faɗin haka don a ji tsoron tiyata. Tiyatar da aka yi da wuri, cikin natsuwa, da wuya ta taɓa shi. Jinkirin gida ne ke jefa kowa cikin haɗari. Amma a san alamarsa: bayan aiki da kwanaki mace ta ga tana yoyon fitsari ba tsayawa, alhali kuma tana jin fitsari tana zuwa ta yi shi yadda ta saba. Wannan na nuna bututu ɗaya na zuba ta gaba, ɗayan na cika mafitsara. Ana gyara shi, a sake dasa bututun a mafitsara. Akwai cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi, akwai ta ƙasa a Babbar Ruga, Katsina. Kada a ɓoye ta a ɗaki. Sankarar bakin mahaifa ma in ta yaɗu bututun nan biyu take shaƙewa, kuma mata da yawa masu ita ta nan ƙodarsu ke tsayawa.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka shi ne tsargiya.

Ni ɗan bakin gulbi ne. Muna yara, da hantsi ya yi ruwa muke faɗawa, ba ma fita sai yunwa ta kore mu. A cikin sa'o'ina da wuya ka sami wanda bai yi fitsarin jini ba, ni ma na yi. Ba wanda ya ɗauke shi ciwo. Wasu manya ma cewa suke alamar girma ce, yaro ya fara zama namiji. Wasu su ce rana ce, ko yawan cin wani abu. In an damu ƙwarai a jiƙa saiwa a ba ka. Bayan 'yan shekaru jinin ya ɗauke da kansa, kowa ya ce ai ga shi ya wuce. Wannan ɗaukewar ita ce ta yaudare mu, kuma har yau tana yaudarar mutane daga Argungu har Yauri.

Tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Mai ɗauke da ita in ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ke fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale jikin ciyawar bakin ruwa su shige shi. A cikinsa suke yawaita, bayan makonni su fito dubbai, ido ba ya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga: ƙafar manomi a fadamar shinkafa, hannun mai wanki, jikin masunci, jikin yaro mai iyo. Su bi jini su girma, mace da namiji su haɗu, su sauka su zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. A nan za su yi shekara 3 zuwa 5, wasu fiye da haka nesa, macen na zuba ƙwai ɗaruruwa kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a gindinsa. Waɗanda suka ratsa bangon mafitsara suka faɗa cikin fitsari su ne ke jawo jinin da ake gani a ƙarshen fitsari.

Waɗanda ba su fita ba su ne bala'in. Ƙwai masu yawa na maƙalewa a cikin nama, a bangon mafitsara da kuma ƙarshen bututun nan biyu, daidai wurin da dama ya fi ƙunci. Jiki ya taso ya kewaye kowane ƙwai da kumburi. Shekara ta bi shekara, kumburi ya zama tabo, tabo ya yi tauri ya tsuke, har alli ya zauna a wurin. Bututun da aikinsa matsewa da saki ne ya sandare. Wani ya tsuke fitsari ya kasa wucewa sosai, wani bakinsa ya lalace ya daina rufuwa fitsari ya riƙa komawa sama. Kowanne ne ya faru, ruwa na taruwa a ƙoda, yana danne namanta daga ciki a hankali, har ta zama jakar ruwa mai siririn bango. Kuma tunda a hankali abin ke tafiya, babu murƙususun mai tsakuwa. Wani ɗan nauyi ne a kwiɓi da mutum zai ɗora wa gajiyar noma, ko ma babu komai. Ga shi sau da yawa gefe biyun take kamawa. Tsohuwar tsargiya kuma na cikin sanannun abubuwan da ke jawo sankarar mafitsara.

An taɓa turo mini wani yaro ɗan firamare daga wani ƙauyen masunta, da ciwon mara. Mahaifinsa ne ya kawo shi. Bangon mafitsararsa ya yi kauri da ƙulle-ƙulle, bututun hagu ya buɗe, ƙodar ta fara tara ruwa. Na ce, "Baba, yaron nan yana fitsarin jini?"

Ya ce, "Yana yi, Likita. Amma wanga ai ba ciwo ba na. Mu ma haka munka yi muna yara, ga mu nan lafiya lau."

Na juyo masa da fuskar na'urar, na nuna masa ta dama da ta hagu ya kwatanta da idonsa. Ya yi shiru. Sannan na ce, "Baba, don Allah in likita ya yarda, ku ma ku bari a duba ku." Ya ce babu abin da ke damunsa, amma ya yarda. Ƙodarsa ta dama ta riga ta tafi, sauran ɗan bango kawai, bututun ya yi faɗi ya lanƙwashe, mafitsarar ta yi tauri. Da ta hagu kaɗai yake rayuwa, ita ma ta fara buɗewa, ga hawan jini da bai san da shi ba. Yaron ya sha magani, da aka dawo da shi bayan watanni kumburin ya sauka, ƙodar ta koma daidai. Uban kuwa sai Sakkwato aka tura shi, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wurin likitocin hanyar fitsari, don a ceci wadda ta rage.

Bambancin uban da ɗan lokaci ne kawai. Maganin, firazikwantel, ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, bayan an ci abinci, don a ciki wayam yana sa jiri da tashin zuciya. Yana kashe manyan tsutsotsin, kuma a jikin yaro kumburin da bai zama tabo ba yakan warke sarai. Amma ba ya narkar da tabo. Babban da bututunsa ya riga ya tsuke, ko ya sha maganin, sai an yi masa aiki: a zura siririyar roba ta ciki daga ƙoda zuwa mafitsara ta riƙe hanyar a buɗe, ko a huda ta baya a zuƙe ruwan in abin ya yi gaggawa, ko a yanke wurin da ya lalace a sake dasa bututun. Wannan duka kuɗi ne da tafiya da jinya. In kuma gefe biyun sun tafi, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, abin da ke cinye gona da shanu da jirgin kamun kifi cikin 'yan watanni. Maganin kuma ba rigakafi ba ne, wanda ya koma ruwan zai sake ɗauka, shi ya sa ake maimaita shi.

Ana rabon maganin kyauta a makarantu, a tsayar da yaro jikin sandar awo a ba shi gwargwadon tsayinsa. Aiki ne mai kyau, kuma ina roƙon iyaye su daina hana 'ya'yansu sha saboda jita-jita. Damuwata ita ce waɗanda suka fi kowa daɗewa cikin ruwa ba su ne ke zaune a aji ba. Almajirin da ke wanki da wanka a gulbi, yaron da ke bin shanu mashaya, yarinyar da ke wanke-wanke a bakin ruwa, ɗan masuncin da ke cikin jirgi tun asuba. In rabon bai shiga tsangaya da ruga da mashaya ba, an bar masu ciwon a baya. 'Yan mata kuma sun fi shiga tsaka mai wuya, don kunya ba ta barinsu su faɗa, in sun faɗa a ce al'ada ce, alhali ƙwan na zama har a mahaifa da gaba, ya jawo ƙaiƙayi da zubar jini da ake ta yi wa maganin sanyi ba ya ji.

Ba zan ce wa ɗan Argungu ya rabu da gulbin Matan Fada ba, ko ɗan Yauri ya bar kogin Kwara. Ruwan nan shi ne abincinmu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 da ta Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, ga kuma noman shinkafar rani da ya bunƙasa a fadamun Kebbi, mutanenmu sun ƙara kusantar ruwa mai kwanciya, irin wanda dodon koɗin ke so. Ba za a fasa noma ba, kuma bai kamata a fasa ba. Abin da ke hannunmu shi ne yanke zagayen. Ƙwan nan ba ya isa ruwa sai ta fitsarin mutum. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kuma kowane almajiri ya san hadisin. Da limamai da malaman tsangaya za su haɗa shi da maganar tsargiya a wa'azi, da sun yi abin da mu ma'aikatan asibiti ba mu iya ba, don maganarsu ta fi tamu shiga. Ruwan wanka kuma in an ɗebo daga gulbi aka ajiye shi kwana biyu, 'ya'yan tsutsar na mutuwa. In an dafa shi ma haka. Mai aiki a fadama in ya sami takalmin roba dogo, ya sa.

Wanda ya yi fitsarin jini yana yaro, ko da shekara talatin ke nan da ɗaukewarsa, ya je a duba shi, kuma ya faɗa wa likita wannan tarihin da bakinsa, kada ya jira a tambaye shi. A auna hawan jini, a gwada fitsari, a gwada jinin ƙoda, a yi hoto. Gwajin jinin kaɗai bai isa ba, domin muddin ƙoda ɗaya na aiki sakamakon na iya fitowa lafiya lau alhali ɗayar ta lalace. Gwajin fitsarin ma a babba yana iya rasa ƙwai ko da tabon na nan. Ga yara kuwa ya fi kamawa, in an kai shi yadda ya dace: fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, kuma a tabbata an tari ɗigon ƙarshe a cikin kwalbar.